Tsohon Saksofon Mai Harafin H

Tambaya: Malam, an yi mini tallan wani tsohon saksofon, abin busa na ƙarfe mai maɓallai, a gwanjo. An zana "C.G. Conn, Elkhart" a jikinsa, kusa da lambarsa kuma akwai harafin H. Mai shi ya nuna mini hoton irinsa a tsohon kundin tallan kamfanin. In saya? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, in don busa kake so, ka riƙe kuɗinka. Kamfanin Conn na garin Elkhart a jihar Indiyana ta Amurka ya yi suna, amma a farkon ƙarni na 20 iri biyu yake ƙerawa. Mai harafin L an daidaita muryarsa ta A, wadda ake auna sauran muryoyi da ita, a kan girgiza 440 a sakan ɗaya, ma'aunin da piyano da jita ke bi yau. Mai H kuwa tasa tana wajen 457, wato ta ɗara sama, ba za ta jitu da piyano da jita ba. Jikinsa ne aka ƙera gajere, ramukan ma a matse, don haka ko ka zaro bakin busa har ƙarshe, murya ɗaya za ta daidaita, sauran su kauce. Babu makanikin da zai gyara wannan. Na ado ne, ko na mai busa shi kaɗai.

Hoton kundin kuwa ba shaida ba ce, iri biyun kusan kamarsu ɗaya a takarda. Amfanin kundi shi ne gane samfuri: jerin maɓallai, zanen jiki, da ko ruwan azurfa aka yi masa. Shekarar ƙira daga lambar da ke baya, wajen ƙugiyar babban yatsa, ake gano ta.

In ka samu mai L, ka shiga da shi ɗaki mai duhu, ka zura ƙaramar tocila ciki, ka danne maɓallai a hankali ɗaya bayan ɗaya. Duk inda haske ya leƙo, iska na zurara, shi ya sa muryoyi masu kauri ke ƙin fita. Fatun da ke rufe ramukan sun haura 20, ga hunturu na busar da su su tsage, sai ka sa kuɗin sauya su cikin ciniki.

Yawancin Conn na shekarun 1920 da 1930 leɓen ramukansu a naɗe yake. Kada ka bari a goge leɓen da zarto wajen gyara, ƙarfen wurin siriri ne, in ya huje gyaransa sai gwani.