Me ya sa manhajata ke daskarewa idan na soke zare da sigina?

Tambaya: Na rubuta manhaja da harshen C a kan Linux, mai zaruruwa (threads, wato sassan manhaja masu gudana kowanne da kansa) huɗu da ke aiki lokaci guda. Na tsara cewa idan an danna Ctrl+C, mai karɓar sigina (aikin da ke tashi idan tsarin aiki ya aiko wa manhaja sanarwa) ya kira pthread_cancel don soke kowane zare, amma sau da yawa sai manhajar ta daskare, ta ƙi fita. Ina gizo ke saƙa?

Amsa: Malam, matsala biyu ce ta haɗu a wuri ɗaya, kuma ta farko tana wajen sigina. A ƙa'idar POSIX (ƙa'idar tsarukan aiki irin na Unix) ta zaruruwa, wadda aka fitar a 1995, mai karɓar sigina ɗaya ne ga manhaja gaba ɗayanta, amma kowane zare yana da nasa jerin siginonin da ya toshe. Saboda haka SIGINT da Ctrl+C ke aikowa tana iya sauka a kan duk zaren da bai toshe ta ba, ko da yana tsakiyar malloc (aikin ware ƙwaƙwalwa) ne ko yana riƙe da makulli (mutex, mai hana zaruruwa biyu taɓa abu ɗaya a lokaci guda). Ayyukan da ƙa'ida ta yarda a kira a irin wannan hali kaɗan ne, kuma pthread_cancel ba ya cikinsu.

Maganin wannan ba shi da wuya. Tun kafin ka ƙirƙiri zare ko ɗaya, ka toshe SIGINT da SIGTERM (siginar neman manhaja ta rufe) ta hanyar pthread_sigmask, domin sabon zare yana gadon toshiyar wanda ya ƙirƙire shi. Sannan ka keɓe zare guda da zai zauna a sigwait, ya karɓi siginar kamar saƙon yau da kullum.

Ta biyu ita na fi zargi da daskarewar. Shi pthread_cancel roƙo ne kawai, wanda zare ba ya amsawa sai ya iso wata gaɓa ta sokewa, kamar read, sleep, pthread_join ko pthread_cond_wait. Abin da mutane ke mantawa shi ne, zaren da aka soke yana cikin pthread_cond_wait sai ya sake kama makullinsa kafin ya fara fita. Idan ba ka yi rajistar aikin share fage da zai saki makullin ta hanyar pthread_cleanup_push ba, zaren zai mutu da shi a hannu. Sauran ukun kuwa za su tsaya jiran makullin har abada, kuma sokewa ba za ta cece su ba, tunda pthread_mutex_lock ba gaɓar sokewa ba ce. Daga nan babban zare ya maƙale a pthread_join.

Kada ka ce za ka koma sokewar nan take, wato PTHREAD_CANCEL_ASYNCHRONOUS, domin ayyuka uku kacal ƙa'ida ta lamunta a ƙarƙashinta, kuma duk na sarrafa sokewar ne. Haka nan tura SIGKILL da pthread_kill manhajar duka zai kashe. Af, ka kuma guji sigina mai lamba 32 da 33, domin glibc, laburaren C na Linux, ta riƙe su don aikinta na ciki, har da sokewa.

Da ni ne, da na bar sokewa gaba ɗaya, musamman da yake laburaren Bionic na Android ma ba shi da pthread_cancel. Zaren sigwait ya ɗaga tutar tsayawa (alamar da ke cewa kowa ya tsaya) yana riƙe da makulli, ya kira pthread_cond_broadcast, kowane zare ya farka ya duba tutar, ya saki abin da ke hannunsa, ya fita da kansa.