Murya na fashewa a rikodin, sai na sayi sabon makirufo?

Tambaya: Salamu alaikum. Ina da ɗan situdiyo a ɗaki, Focusrite Scarlett 2i2 nake aiki da ita (akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta), amma da mawaƙi ya ɗaga murya wajen amshi sai sautin ya fashe kamar ana yaga takarda. Na sauke feda (madannin ƙara da rage sauti) a kwamfuta bai daina ba. Abokina ya ce in sayi makirufo Shure SM7B. In saya?

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa riƙe kuɗinka tukuna, ni ban ga laifin makirufonka ba. Sautin dijital yana da rufi, shi ne 0 dBFS a ma'aunin ƙarfin sauti, daga nan babu sauran lambar da na'ura za ta rubuta, duk abin da ya wuce sai ta aske kansa. Ka buɗe fayil ɗin ka zuƙo hoton sautin sosai, za ka ga kawunan da ya kamata su yi tsini sun baje kamar an bi su da reza, to wannan shi ne fashewar da kake ji. Kuma ɓarnar a cikin akwatin ta faru tun kafin sautin ya iso kwamfuta, shi ya sa da ka sauke feda abin da ka samu kawai fasasshen sauti mara ƙara.

Gyaran yana wajen maɓallin gein na akwatin, wanda ke ƙara wa sautin makirufo ƙarfi. Akwai zoben fitila a jikinsa, kore lafiya lau, ruwan ɗorawa ka kusa, ja ka riga ka yi ɓarna. Kar ka saita shi da "wan tu, wan tu" ɗin nan, mawaƙa wajen gwaji kamar masu jin kunyar surukai suke, sai an danna rikodin su ɓarke. Ka ce ya rera inda ya fi ƙarfi a waƙar, ka sauke gein har ƙololuwar ta tsaya wajen -12 dBFS, sauran kuma yana yawo kusa da -18. Wannan ratar da ka bari a sama ita ce za ta cece ka ranar da ya yi shauƙi. In har yanzu yana taɓa ja ya ɗan ja baya, ninka tazara yana rage kusan 6 dB.

Na san za ka ce ai sautin zai yi ƙasa. Tsoron nan gadon zamanin kaset ne, lokacin da in ba ka cika ba shuuu ɗin tef ya cinye ka. 16-bit faɗinsa kusan 96 dB ne, 24-bit kuwa 144 a lissafi, saboda haka ka sa 24-bit ka ɗaga daga baya wajen miksin, ba abin da ka rasa. SM7B kuma makirufo ne mai kyau amma mai cin gein ne, kusan 60 dB yake so, wasu har sai sun ƙara da Cloudlifter, wata 'yar na'ura mai ƙara gein, ka ga ka sayo wata matsalar daban.

Tambaya: Ni nake ɗaukar tafsiri a masallacin unguwarmu, ina jawo waya daga miksa zuwa kyamara. Ko na sauke gein har ƙasa sautin a fashe yake. An ce rikoda mai 32-bit float (wani tsarin adana sauti) ba ta fashewa, gaskiya ne?

Da gaskiya a ciki amma da sauranta. Abin da miksa take fitarwa matakin layi ne, ya fi na makirufo ƙarfi nesa ba kusa ba, kai kuma ka cusa shi a ramin makirufo, tun a bakin ƙofa ya fashe. Duba ko kyamarar tana da makunnin da ke juya ramin zuwa layi, in babu nemi waya mai rage ƙarfi, ba ta da wani tsada. Sannan ka leƙa miksar ita kanta, in fitilarta na ja to daga can aka aiko maka shi a lalace, sai ka lallaɓa mai kula da amfilifaya.

Rikodoji masu 32-bit float irin su Zoom F3 da H1essential suna da amfani a irin aikinka, don malam zai yi ƙasa da murya yana nasiha, can alaramma mai jan baƙi ya ɗauka da ƙarfi, jama'a su yi kabbara, kai kuma ba ka zaune kan maɓalli. Fayil ɗin ba zai fashe ba, ka sauke ƙarfinsa daga baya ya dawo garau. Amma in makirufon ne ko mashigar rikodar aka fi ƙarfinsu, 32-bit ba ta da abin yi. Fara da wayar, in ba ta wadatar ba sai a yi maganar rikoda.

Tambaya: Wanda ya riga ya fashe fa, yana gyaruwa?

In kaɗan ne eh. Manhajar Audacity kyauta ce kuma tana da Clip Fix, iZotope RX tana da De-clip da ta fi ta iyawa amma ta kuɗi ce. Duka biyun kintatar abin da aka aske suke yi su zana shi, in fashewar ta cika baiti guda kira mawaƙin ya sake.