Tambaya da Amsa: Kuɗin Kaya Nawa, Kuɗin Mota Nawa?

Assalamu alaikum Malam. Ni ƴar kasuwa ce a unguwar Zariya, nan Maradi. Ina sayar da atamfa, turaren wuta da humra ta WhatsApp da Facebook, kuma masu saye a wurina sun fi yawa a Yamai da Damagaram. Damuwata ita ce, mace za ta ga farashi ta amince, da zarar na faɗa mata kuɗin aikawa sai ta yi shiru, ko ta ce na yi mata ƙari. In kuma na ɗauki kuɗin mota a kaina, riba ta tafi. Yaya zan lissafa kuɗin aikawa? In zuba shi cikin farashi ne, ko in rubuta shi daban?
Wata mai karatu, Maradi

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a nema.

Wadda ta yi miki shiru ba lallai kuɗin ne ya yi mata yawa ba. Lokacin da ta ji shi ne ya ɓata cinikin. Ta riga ta ƙulla jaka goma sha biyu a ranta, wataƙila ma ta faɗa wa maigida haka, sai ga ƙarin jaka uku ya ɓullo bayan an gama magana. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Cibiyar Baymard ta ƙasar Danmak, da ke nazarin sayayya a intanet, ta nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na masu zaɓen kaya suna fita ba su biya ba, kuma babban dalilin da suke bayarwa shi ne ƙarin kuɗin da ke fitowa a ƙarshe.

Mu fara da lissafin, domin yawancinmu abin da mai auna kaya ya karɓa a tasha kawai muke kira kuɗin aikawa. Ni kayan waya nake aikawa, kuma abu huɗu nake haɗawa: kwali da leda da salatif, kuɗin kabu-kabu zuwa tasha da dawowa, kuɗin kamfanin bas, sai abin da ake yanka wajen turo kuɗi ko cire shi, ko ta Nita ne, ko Amana, ko Airtel Money. A ce kwali da leda 300F, kabu-kabu 500F, bas 2,000F, cire kuɗi 200F. Kin ga 3,000F ke nan, alhali ke 2,000F kike faɗa wa mai saye. Jaka gudan da ta ɓace, daga ribarki ta fita. Waɗannan lambobin misali ne kawai. Ki tura yaro, ko ki je da kanki tashar Rimbo da STM da sauransu, ki tambayi kuɗin ƙaramin ƙunshi da na babban kwali zuwa kowane gari, ki rubuta a littafi.

Kuɗin kabu-kabun nan yana raguwa in kin tsayar da ranakun aike. Ƙunshi biyar a tafiya ɗaya, kowanne 100F ya hau kansa. Mai fita tasha saboda kwalbar humra ɗaya, ɗan kabu-kabu take yi wa kasuwanci. Ita humrar ma sai kin ɗan ƙara wani abu a lissafinta, domin wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: kwalba a ƙarƙashin bas, tsakanin buhuna, wata rana sai ta fashe.

Daga nan ki raba ƙasar gida huɗu. Cikin garin Maradi. Garuruwan jiha irin su Tasawa, Gidan Rumji, Madarunfa da Dakoro. Manyan garuruwan da ke kan babbar hanya, wato Damagaram, Ƙonni, Dosso da Yamai. Sai na nesa, Agadas, Arlit da Difa. Kowane rukuni farashi ɗaya. Kada nisa ya ruɗe ki. Yamai ta fi kilomita 600 daga nan, amma bas na tashi kullum. Wani ƙauyen da bai kai rabin nisan Damagaram ba, sai ranar kasuwarsa za ki sami motar da za ta kai miki, kuma direban shi ke yanka kuɗinsa.

A kan tambayarki ta biyu, ni ina bayan a rubuta shi daban, amma a saƙo ɗaya da jimilla, kafin ta turo ko dala. In kin zuba shi cikin farashi, maƙwabciyarki ta unguwar Ali Ɗan Sofo za ta biya kuɗin motar Agadas ba ta sani ba, kuma atamfarki za ta fi ta babbar kasuwa tsada a idon kowa. Saƙon ya zama kamar haka:

Atamfa turmi 2: 24,000F
Aikawa Yamai, ɗauka a tasha: 3,000F
Jimilla: 27,000F

Kalmomin nan "ɗauka a tasha" kada ki bar su. Wadda ke zaune a Harobanda, hayin kogi a Yamai, in ta ɗauka har ƙofar gida za a kai mata, rigima ce ke jiran ki. Ki kuma riƙa sa harafin F, don mu nan bakinmu ya saba da dala, wata ta ga 500 ta lissafa jaka biyu da rabi.

Kundin kaya na WhatsApp Business yana da wurin sa farashi, amma ba ya lissafa kuɗin aikawa da kansa. Saboda haka ki mayar da jerin rukunonin nan huɗu hoto, ki sa shi farkon kundin, ki riƙa ɗora shi a status. Ranar da kika buɗe shagon intanet na sosai da manhajar gina shago irin su WooCommerce ko Shopify, akwai wurin shigar da yankunan aikawa. Mai saye na zaɓen garinta jimilla za ta fito.

"Aikawa kyauta" tana jan mutane, amma sai ciniki ya kai. In ribarki a kayan 50,000F ta kai 10,000F, za ki iya haɗiye 3,000F. A turaren 5,000F kuwa sadaka kika yi. Masu saye daga Katsina ko Kano kuma, ki yanka musu da sefa. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa hawa da sauka take yi. In sun nemi lissafin naira, ki ba su, ki ce na yau ne kaɗai.

*

Malam, na yi odar jakunkunan makaranta daga Sin. A sikeli kilo 5 ne, amma an caje ni kuɗin kilo 12. Cuta ce?
Wani ɗalibi, Sabon Gari

Ba cuta ba ce, ɗana. Jirgin sama wuri yake sayarwa, ba nauyi kaɗai ba. Ana auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa da santimita, a ninka su, a raba da 5,000 a kamfanoni irin su DHL. Wasu masu jigila da 6,000 suke rabawa. Kwali mai 50 da 40 da 30 ya ba da 60,000, a raba da 5,000, kilo 12 ke nan. Sai a duba wannan da na sikeli, wanda ya fi yawa shi za ka biya. Nan gaba ka ce wa mai sayarwa ya danne jakunkunan ya matse kwalin, ya turo maka awonsa kafin ka biya.

Kuma kada ka yanka wa masu saye farashi tun kaya na hanya. Duwan ba kuɗin kaya kaɗai take dubawa ba, tana haɗa shi da kuɗin jigila da inshora, a kan wannan jimillar ake cire kuɗin fito, sannan harajin TVA na kashi 19 cikin 100 ya hau. Ka bari kwalin ya iso Maradi, ka tara takardun biyan duka, ka raba da yawan jakunkunan, sannan ka ɗora ribarka.