Da gaske an ɗauke haikalin Abu Simbel daga inda aka sassaƙa shi?

Tambaya: Malam, na ji an ce wurin bautar nan na Abu Simbel da ke Masar ba a mazauninsa na asali yake ba. Ta yaya za a matsar da abin da aka sassaƙa a jikin dutse? Ko dai kwaikwayonsa aka yi?

Amsa: Gaskiya ne ɗan'uwa, an matsar da shi, kuma duwatsun da masu yawon buɗe ido ke gani yau su ne dai waɗanda masassaƙan Fir'auna Ramsis na Biyu suka sara fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Tsaunin da ke bayansu ne sabo.

Da Masar ta fara gina babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1960, ya tabbata tafkin Nasser, wato ruwan da madatsar za ta tara, zai haɗiye haikalin biyu, na sarkin da na matarsa Nefertari. Hukumar UNESCO ta yi kira ga ƙasashen duniya, aka tara kuɗi da ƙwararru, aka yi aikin daga 1964 zuwa 1968.

Da farko an yi shinge don tare ruwan Nilu da ke ta hauhawa, aka lulluɓe gumakan gaba da yashi kada ɓaraguzai su lalata su. Sannan aka yanka haikalin gunduwa-gunduwa sama da dubu, wasu nauyinsu ya kai tan 30. Fuskokin nan na Ramsis, waɗanda kowane gunki ya kai kusan mita 20, da zarton hannu aka yanka su saboda tsagar ta yi siriri. Aka sa wa kowace gunduwa lamba, aka sake harhaɗa su a tudu mita 65 sama, kimanin mita 200 daga bakin kogi, ƙarƙashin rufin kankare da aka lulluɓe da duwatsu ya zama kamar tsauni.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su yi karambanin gyara tarihi ba. Gunki ɗaya da ya karye tun zamanin da, sun ajiye kansa a ƙasa yadda suka same shi. Sun kuma kiyaye inda haikalin ke fuskanta, don haka har yau hasken rana na kutsawa can ƙurya a 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba.

Mutanen Nuba, mazauna yankin da tafkin ya mamaye, kam ba su samu irin wannan gatan ba. Dubbansu aka kwashe zuwa Kom Ombo a Masar da Sabuwar Halfa a Sudan, garuruwansu suna ƙarƙashin ruwa.