Amsar tambayarki kan atisayen da ake sa ku yi

Wa'alaikumus salam ɗiyata, na ga saƙonki tun shekaranjiya ban samu zama ba ne sai yanzu. Kin ce makarantarku ta tura ku ma'aikatar lafiya ta gunduma kuka wuni a ɗakin wasanni, wasu na ƙaryar rashin lafiya wasu na raba alawa a matsayin magani, bayan an gama kuma aka zaunar da ku kowa ya faɗi inda ya yi kuskure, shine kike tambaya wai wannan wace irin al'ada ce a Amurka, kuma meye haɗin jami'a da ita tunda ku karatu kuka je. Toh nima na yi irin wannan ƙorafin lokacin da nake kamar ke, bari in baki labari.

Abin ya daɗe. Tun 1951, lokacin yaƙin Koriya, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC da ke Atlanta, ta kafa shirin horar da masu bin diddigin annoba da ake kira EIS saboda tsoron kar a kawo musu hari da ƙwayoyin cuta, wani likita Alexander Langmuir ne ya tsaya a kai, ana ɗaukar matasan likitoci shekara 2 ana tura su duk inda cuta ta ɓulla su bi diddiginta. Harin da ake tsoro bai zo ba a lokacin amma yaran da aka horar sun yi ta aiki akan shan inna da mura da gubar abinci, kinga tun farko horon tunkarar ta'addanci da na annobar yau da kullum tukunyarsu ɗaya.

A 1984 a wani gari Dalles a jihar Oregon mutum 751 suka kamu da gudawa da zazzaɓi, ma'aikatan lafiya suka bi sawu har suka gano ƙwayar cutar salmonela ce mai gurɓata abinci daga teburin salak na gidajen abinci, amma kinsan sai da aka yi kusan shekara kafin a tabbatar cewa mabiyan wata ƙungiya ne suka zuba da gangan don su rage masu fitowa zaɓen gunduma. Wannan labarin malaminmu baya gajiya da shi, don ranar farko babu wanda zai rubuta miki a goshin mara lafiya cewa hari ne, ciwo kawai zaki gani kamar kullum sai dai yawansa ko lokacinsa bai yi daidai ba.

Sai 2001 da aka aika wasiƙu ɗauke da garin antaraks, wato ciwon saifa da ke kama dabbobi, zuwa gidajen jarida da ofishin sanatoci 2, mutum 22 suka kamu 5 suka rasu ciki harda ma'aikatan gidan waya 2 a Washinton. Wanda ya fara ganewa ba soja bane ba ɗan leƙen asiri ba, likitan asibiti ne a Fulorida ya duba ruwan lakar mara lafiyarsa a madubin awo yaga ƙwayar ta masa kama da antaraks, ya ɗauki waya ya kira shugabar lafiya ta gundumarsa. Da bai san wa zai kira ba ko ya tsaya jiran gobe fa? Bayan nan dubban mutane aka ɗora akan magani na kwana 60, kuma raba magani ga dubbai cikin ƴan kwanaki ba a takarda ake koyonsa ba, shine alawar nan da kika raina.

Haɗin jami'a kuma, CDC ta fara ba makarantun kiwon lafiyar al'umma kuɗi tun 2000 su buɗe cibiyoyin horar da ma'aikata, bayan wasiƙun nan da dokar shirin ko-ta-kwana kan harin ƙwayoyin cuta da majalisa ta yi a 2002 cibiyoyin suka ƙaru har suka haura 20. Dalilin a fili yake, nas ɗin gunduma da mai duba tsaftar gidajen abinci da mai aikin lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, sun daɗe suna aiki amma da yawansu basu taɓa zama ajin bin diddigin cuta ba, su kuma malaman jami'a suna da ilimin amma wani farfesan bai taɓa tsayawa gaban layin mutane masu fushi da tsoro ba. Kowa da abin da yake nema wajen ɗan uwansa. Ku ɗalibai kuma gaskiya hannu ne na kyauta, wannan kam bazan ɓoye miki ba, amma ku ma kuna ƙaruwa.

Zaman faɗin kuskure ɗin nan ni shi nafi ɗauka da muhimmanci duk da nasan yana da nauyi, musamman irinki da bakya son buɗe baki gaban manya. A atisayena na farko ni aka ba takardar lambobin waya, aka ce misali ƙarfe 2 na dare ne in kira mai jiran aiki a lab. Na kira lamba ta farko ba a ɗauka ba, ta biyu wani dattijo ya ɗauka yace ai shi ya yi ritaya tuntuni, ta uku injin aika takardu na fax ne ya dinga min ƙara a kunne. Ina riƙe da takardar zufa na keto min, na ɗauka ni na ɓata aikin. Da aka zauna na faɗa da ƙyar murya na rawa, wallahi ba wanda ya min dariya, shugabar ta karɓi takardar ta ja layi akan suna 2 a gabanmu, kafin sati ya zagayo an sake sabuwa an kuma sa mutum guda ya riƙa gwada lambobin duk wata. Ba a fafe gora ranar tafiya ai.

Abin da nake ƙorafi a kai har yau shine kuɗin, idan tsoro ya taso a zuba kamar ruwa idan an kwana biyu lafiya a rage, cibiyoyi su rufe ƙwararru su watse, sai wata murar ta zo kamar ta 2009 ko korona a fara neman waɗanda aka sallama. Wannan kam zaki gani da idonki.

Idan za a sake yi ki roƙa a sa ki a teburin tantancewa na bakin ƙofa, inda ake tambayar wa ke da ciki, wa jikinsa baya karɓar maganin, wa baya jin Turanci, nan layin ke cushewa kullum. Ki kuma karɓi lambar matar lab ɗin da kika ce ta miki kirki ki ajiye a wayarki. Goggonki na gaisheki, tace kin daina kiranta.