Amsa ga ƙanena mai shirin barin jarida ya shiga gwamnati

Ƙanena, sau biyu na karanta tambayarka. Ka ce an yi maka tayin kujerar mai magana da yawun wata ma'aikata, kuma tun da aka kawo labarin Maria Borelius ta Suwidin gabanka ke faɗuwa. Wallahi ban ga laifinka ba, ni ma na bi hanyar.

Borelius fa ba ƙaramar 'yar jarida ba ce, ta yi suna a talabijin da shirye-shiryen kimiyya. Ranar 6 ga Oktoba 2006 Firaministan Suwidin Fredrik Reinfeldt ya naɗa ta ministar kasuwanci, ranar 14 ta sauka. Kwana takwas kacal. A hannu ta riƙa biyan masu renon yaranta ba haraji, da aka tambaye ta sai ta ce ba su da halin bin hanyar hukuma. Can kuwa kuɗin shigar mutum a buɗe yake ga duk mai son dubawa, aka zaro aka ga gidan masu hali ne. Bayan kwana biyu Cecilia Stegö Chilò, ita ma tsohuwar 'yar jarida, ta bar kujerar ministar al'adu saboda shekara 16 ba ta biya kuɗin lasisin talabijin ba. Sun yi laifi, ban wanke su ba. Abin da ke tsaya min a rai shi ne 'yan sana'arsu ne suka tasa su gaba da makirufo.

Ni wata huɗu da kama aiki abokina ya kira ni. Mutumin da muke cin abinci kwano ɗaya a ɗakin labarai, wanda kullum nake goyawa a babur in sauke shi ƙofar gida. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ya ce hira ce kawai tsakaninmu. Na saki jiki na faɗa masa gaskiyar wasu kuɗin ma'aikata da suka maƙale. Washegari ina teburin mai shayi, burodi a hannuna, sai ga muryata a rediyo. Shayin nan ban ƙarasa shi ba. Maigidana ya bar ni tsaye a ofishinsa ya fi rabin awa, ko kallona bai yi ba. Shi kuwa abokin har yau bai ce min komai ba. Mun haɗu a wata jana'iza ya miƙo min hannu yana murmushi, na karɓa don idon jama'a.

Ka share gidanka kafin ka ce to. Haraji, bashi, takardar fili, har tsofaffin rubuce-rubucenka na Facebook. Kada ka ƙara yarda da kalmar "tsakaninmu" a waya, ko da wa kake magana. Ka kuma tambaya a rubuce, naɗin siyasa ne ko aikin dindindin, ni ban tambaya ba.

Ban ce ka ƙi ba fa. Alice Bah Kuhnke, ita ma 'yar Suwidin wadda mahaifinta ɗan Gambiya ne, daga talabijin ta fito, ta riƙe ma'aikatar al'adu da dimokuraɗiyya daga 2014 zuwa 2019, daga nan ta wuce majalisar Turai.

Sannan duk abin da ya faru a ofis ka fara gaya wa maiɗakinka da bakinka. Tawa a bakin maƙwabta ta ji, ta wuni tana kuka.