Tambaya da Amsa: An Ƙara Gas Sau Uku, Sanyi Bai Dawo Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da kantin magani a Sabon Gari, Zariya, da babbar na'urar sanyaya ɗaki irin ta tsaye. Tun ƙarshen hunturu sanyinta ya ragu. Sau uku ana ƙara mata gas, shiru kake ji. Yanzu mai gyara ya ce kwamfuresan, wato injin da ke matsa gas ɗin, wai shi sikirol, yana yoyo ta ciki. Ta yaya abu zai yi yoyo a ciki alhali ba a ga gas yana fita ba? Kuma ba za a iya buɗe shi a canza robar ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji. Maganar mai gyaranka tana da tushe, amma da ni ne ba zan bari a taɓa kwamfuresan ba sai an gwada abu biyu.

Ka san maganin sauro na kunnawa, yadda yake zuwa bibbiyu a kwali, ɗaya a naɗe cikin ɗaya? To haka cikin sikirol yake, sai dai na ƙarfe. Naɗi ɗaya a kafe, ɗayan yana zagaye a cikinsa kamar yadda mace ke juya faifai. Gas yana shiga ta baki, ya makale a ɗan aljihu tsakanin naɗin biyu, aljihun yana ƙanƙancewa yana matsawa tsakiya, har gas ya fita a matse da zafinsa. Wani Bafaranshe, Léon Creux, ya yi rajistar wannan dabara tun 1905, amma ta kwanta shekaru sama da 70, domin babu injin da zai sassaƙa ƙarfen daidai yadda gas ba zai sulale ba. Sai a 1981 kamfanin Sanden na Japan ya sa shi a motoci, Hitachi ya biyo a 1983, Copeland na Amurka kuma a 1987.

Sulalewar nan ita ce yoyon ciki. Gas ɗin da aka matse yana neman komawa aljihun baya mai ƙarancin matsi, kuma hanya biyu gare shi: ta saman bangon naɗin, ko ta gefe inda bango ke gogar bango. Wasu kamfanoni suna yanka siririn rami a saman bangon su kwantar da zaren roba mai jure zafi, dangin Teflon. Copeland kuwa gas ɗin kansa yake ɗiba daga tsakiyar matsi ya danna naɗi kan naɗi. Amma a kowanne, abin da ke cike sauran ƙofar, wadda ba ta kai kaurin gashi ba, shi ne man da ke cikin kwamfuresan. In man ya ƙone, ko ya tsinke, ko ya sha datti, ƙarfe zai ci ƙarfe. Daga nan injin zai yi ta juyi yana shan wuta, gas yana kai-kawo a wuri ɗaya, ko ɗigo bai fita waje ba.

Nan ne ƙarin gas ɗin nan ya dame ni ƙwarai. In gas ya yi yawa, yakan dawo kwamfuresa yana ruwa-ruwa, ya wanke man da ke jikin naɗin. Wato maganin da ake ta ba na'urarka yana iya zama shi ya ƙara mata ciwo. Na sha gani a garin nan: ana ɗora geji, wato agogon auna matsin gas, ba a nemi inda ke yoyo ba, sai a buɗe tukunyar gas.

Gwajin farko, a ɗora geji a ɓangarorin biyu, na zuƙar gas da na turawa, a auna wutar da injin ke ja. In yoyon waje ne, allurai biyun duk za su yi ƙasa, kuma galibi za ka ga danshin mai da ƙura ta manne a mahaɗar bututu; ruwan sabulu zai nuna kumfa. In na ciki ne, ɓangaren zuƙa zai hau, na turawa ya sauka, su kusanci juna, wutar da yake ja ta gaza abin da aka rubuta a jikinsa.

Na biyu, in na'urarka mai layin wuta uku ce, a duba ko ba baibai take juyawa ba. Sikirol ba ya matsa gas in ya juya baya, sai ƙara mai muni. Wata shekara a Samaru saura kaɗan in yanke lafiyayyen kwamfuresa a wata makaranta, ashe sabon janareta aka haɗa aka sauya wayoyi. Waya biyu na musanya, sanyi ya dawo. Ka tuna ko an taɓa maka wayarin a kwanakin da matsalar ta fara.

Batun buɗewa, ban ba ka shawara ba. Tukunyar kwamfuresan a rufe take da walda tun daga kamfani. Akwai masu yankawa su sake liƙewa, amma ɓurɓushin ƙarfe ɗaya ya isa ya karce naɗin, kuma kantin magani ba wurin gwaji ba ne da zafin Afrilu yana tafe.

In ta tabbata sai sabo, ka tsaya a kan masu gyaran da kanka. A duba irin gas ɗin: kwamfuresa mai gas R22 man ma'adinai yake sha, mai gas R410A kuma wani man haɗi da ake kira POE, wanda ke zuƙar danshi da zarar an bar shi a buɗe, don haka kada a cire toshiyar bututun sai lokacin walda. A busa naitirojin a bututu yayin walda don kada baƙin tsatsa ya taru a ciki, a canza matatar gas, a zuƙe iska da injin zuƙa har awo ya sauka 500 maikuron, wato ma'aunin iskar da ta rage a bututu. Gas kuma a ɗora shi a sikeli, daidai nauyin da ke rubuce a jikin na'urar. Sannan a wanke injin waje, wato ɓangaren na'urar da ke wajen ɗaki, da ruwa, domin ƙurar hunturun da ta toshe shi tana nan, kuma ita ce za ta fara dafa man sabon.